Kama da Wane Ba Ta Wane: Jeep ɗin Yaƙin Duniya da Rigimar Kayan Kwaikwayo

A farkon watan Yuni na kowace shekara, ƙananan hanyoyin yankin Normandi da ke arewacin Faransa kan cika da wasu gajerun motoci masu launin ganyen zaitun, kowace da farin tauraro a kan bonet. Masu su kan zo daga Ingila da Beljiyam da Holan da sauran sassan Turai domin tunawa da ranar 6 ga Yuni 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar tekun yankin don karɓe Faransa daga hannun Jamus. Mai kallo daga gefen titi zai ɗauka duk motocin nan sun ga yaƙin da idonsu. Wasunsu sun gani ɗin. Amma da za a bi su ɗaya bayan ɗaya da idon bakanike, za a iske wata bodinta a Filifin aka buga shi, wata shasinta ya fito daga masana'antar Faransa ne shekara goma sha biyar bayan an gama yaƙi, wata kuwa notunan da suka riƙe ta ba su kai shekara goma da ƙerawa ba, alhali a kansu akwai tambarin kamfanin Ford irin na 1943.

A bayan wannan sha'awa akwai sana'a guda: ta mutanen da ke ƙera sababbin kayan gyara masu kama da na asali domin tsofaffin motocin soja. Tambayar da ta daɗe tana raba kan masu tara irin waɗannan motoci ita ce, shin maƙerin nan hidima yake yi wa tarihi, ko kuwa gurɓata shi yake yi? Ba a iya amsa ta sai an koma ga tarihin motar kanta, domin Jeep tun ranar da aka haife ta take fama da tambayar wane ne na asali, wane ne kwafi.

Motar da aka haifa da iyaye uku

A tsakiyar 1940, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, rundunar sojan Amurka ta nemi a ƙera mata ƙaramar mota marar nauyi wadda tayoyinta huɗu duk ke ja, don leƙen asiri da aike a fagen daga. Ta aika wa kamfanoni 135 takardar gayyata, ta kuma ba da kwana 49 kacal a kawo samfuri. Wani ƙaramin kamfani mai suna American Bantam, da ke garin Butler a jihar Pensilbaniya, shi ne ya cika wa'adin. Injiniya Karl Probst ya zana masa motar cikin 'yan kwanaki, aka kai ta sansanin gwaji na Holabird a ranar 23 ga Satumba 1940.

Sai dai sojoji sun ga Bantam ba shi da ƙarfin ƙera dubban motocin da ake bukata. Suka ce zanen mallakar gwamnati ne, suka bar wakilan kamfanonin Willys-Overland da Ford suka duba motar da zanenta. Kowannensu ya kawo nasa samfurin. A Yulin 1941 Willys ya ci kwangilar motoci 16,000, musamman saboda injinsa mai ƙarfin doki 60 ya fi na sauran. Da bukata ta ƙaru, sai gwamnati ta sa Ford ya riƙa ƙera motar Willys ɗin daga zanen Willys. Sunan da aka ba ta Ford, wato GPW, shi kansa shaida ne: harafin W na ƙarshe yana nufin zanen Willys ne aka bi. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945, Willys ya ƙera fiye da 360,000 na samfurinsa mai suna MB, Ford ya ƙera kusan 280,000. Bantam, wanda ya fara kawo motar, bai kai ga ƙera 3,000 ba, ya ƙarasa yaƙin yana ƙera tirelolin da Jeep ke ja.

Sharaɗin sojoji shi ne duk wani ƙarfe na motar Ford ya shiga motar Willys ba tare da gyara ba, haka ma na Willys ya shiga ta Ford. Bakaniken da ke gyara a ƙarƙashin ruwan harsashi ba shi da lokacin tambayar wane kamfani ya yi wane noti. Ko ragar gaban motar, wadda a yau ita ce fuskar Jeep a idon duniya, injiniyoyin Ford ne suka fito da ita ta hanyar buga faifan ƙarfe guda, Willys ya bar tasa ta sandunan walda ya ɗauki ta Ford. Daga wajen farkon 1944 kuwa, kamfani ɗaya ne a jihar Indiyana, American Central, yake buga wa Ford da Willys bodi iri guda.

Rigimar wanda ya ƙirƙiro motar ta kai gaban hukumar kula da cinikayya ta Amurka, wadda a 1948 ta hana Willys ci gaba da tallar da ke nuna shi ne ya ƙago Jeep, ta tabbatar da rawar Bantam da ta sojoji. Duk da haka Willys ne ya samu rajistar sunan a 1950. Kalmar nan "jif" da muke kiran kowace doguwar mota da ita a yau, daga wannan suna ta samo asali.

Ƙaramin harafi a kan noti

Ko da yake an tilasta wa kamfanonin biyu ƙera abu iri ɗaya, Ford bai yarda kayansa su ɓace cikin na Willys ba. Ya riƙa buga harafin F, mai lanƙwasa irin ta tambarinsa, a kan kusan duk abin da ya fita daga hannunsa, tun daga manyan ƙarafa har kan notuna. A farkon ƙira ma kamfanonin biyu sun riƙa buga cikakken sunansu a bayan bodi, sai da sojoji suka hana a 1942.

A lokacin yaƙi wannan harafi bai ƙara wa noti ƙarfi ba, bai kuma ƙara masa kuɗi ba. Aikinsa ɗaya ne: ya faɗi wanda ya ƙera abin, ta yadda in ya karye a san inda za a nufa. Shekara tamanin bayan haka, harafin ya zama dukiya. Mai gyara GPW da ke son ta koma yadda ta fito daga masana'anta sai ya bi kasuwannin tsofaffin kaya yana neman noti mai F, domin alƙalan gasar motocin tarihi suna dubawa, masu saye ma suna dubawa. Inda kuwa bukata ta yi yawa kaya suka yi kaɗan, maƙeri zai ɓullo. A yau ana sayar da sababbin notuna masu harafin F a fili, a cikin leda, da farashinsu a jiki.

A nan ne tambayar ta fara kaifi. Alamar da aka ƙirƙira domin ta faɗi gaskiyar wanda ya yi abu, yanzu wani ne daban yake buga ta a kan abin da Ford bai taɓa gani ba.

Yadda aka cakuɗa jini bayan yaƙi

Kafin masu sha'awa su shigo, sojoji da kansu sun riga sun cakuɗa motocin. Ana yaƙi ana gyara: a ciro injin wannan a saka wa waccan, a ɗora bodin Ford a kan shasin Willys. Bayan 1945 dubban motoci suka rage a Turai da Asiya, aka yi gwanjonsu ko aka bar wa rundunonin ƙasashen da aka 'yantar.

Faransa ce ta fi kowa riƙe motar. Kamfanin Hotchkiss ya karɓi lasisi daga Willys, ya fara da ƙera kayan gyara, sannan daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1966 ya ƙera wa sojan Faransa motoci kusan 27,000 masu suna M201. A ido, M201 da MB kamar an tsaga kara. A ciki kuwa akwai bambanci, domin yawancin na Faransa suna da lantarki mai bolt 24 a maimakon 6, an kuma ƙarfafa wasu sassansu. Ban da wannan, a wata ma'aikatar soja da ke La Maltournée kusa da Faris, an shafe shekaru ana wargaza Jeep har zuwa noti na ƙarshe, a wanke, a gyara, a sake haɗawa ba tare da kula da wane ƙarfe ya fito daga Toledo, wane daga Ford, wane daga Hotchkiss ba. Motar da ta fito daga can tana iya ɗauke da ƙarfen 1942 da na 1962 a jiki ɗaya, kuma babu wanda ya yi nufin yaudara. Rundunar soja mota mai tafiya take so.

A Filifin, motocin da Amurkawa suka bari ne mutanen ƙasar suka tsawaita, suka yi musu rufi da ado, suka zama motocin haya da ake kira jifni. Wannan ya haifar da maƙeran da suka ƙware wajen buga bodin Jeep, kuma daga cikinsu ne kamfanin MD Juan ya fito, wanda a yau yake sayar wa masu gyara a Amurka da Turai cikakken bodin MB da GPW sabo ful. A Indiya kamfanin Mahindra, a Japan kuma Mitsubishi, sun yi shekaru suna ƙera jikokin motar da lasisi.

Saboda haka duk mai cewa kwaikwayo shi ne laifin, tarihi bai goyi bayansa ba. GPW kwafin MB ce, M201 kwafin MB ce, ita MB ɗin ma ta sha daga zanen Bantam. Abin da ya haɗa waɗannan kwafi duka shi ne kowanne ya faɗi sunansa. Ford ya buga F, Hotchkiss ya saka nasa allon shaida da harshen Faransanci, ma'aikatun gyara suka manna nasu allon da ke nuna ranar da motar ta bi ta hannunsu.

Hujjar maƙeri

Masu ƙera kayan kwaikwayo suna da hujjoji masu nauyi, kuma ya kamata a saurare su.

Ta farko ita ce ba a ƙera Jeep don ta yi shekara tamanin ba. Bodinta siririn ƙarfe ne, kuma a cikin wasu ƙarafan ƙarƙashinsa an cusa katako don ƙarin ƙarfi, katakon ya riƙa shan ruwa yana ciyar da tsatsa daga ciki. Motar da ta kwana shekara arba'in a bayan rumbun wani manomi sau da yawa ƙasan bodinta ya zama rariya. Idan babu sabon ƙarfe, wurin 'yan gwangwan za ta ƙare, a narkar da ita tare da sauran sassanta na asali da suka tsira.

Ta biyu ita ce lafiyar mutane. Akwai kayan gyara da aka ƙera lokacin yaƙi ko jim kaɗan bayansa, ba a taɓa amfani da su ba, suna nan cikin takardarsu mai maiƙo. Masu tara motoci suna daraja irin waɗannan sabo-tsoho fiye da komai. Amma roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Tiyon birki ko tayar da ta shekara saba'in a sito ba abin da za a ɗora ran mutum a kai ba ne. Takalman birki na wancan zamani suna ɗauke da asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji a huhu. Agogunan motocin soja da jiragen sama da yawa an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare, kuma ko hasken ya mutu, sinadarin yana nan yana fitar da tururinsa mai cutarwa, domin sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. A irin waɗannan wurare sabon kaya ya fi na asali alheri nesa ba kusa ba.

Ta uku ita ce kayan kwaikwayo suna kare na asali. Idan babu sabon fitila ko sabon sitiyari a kasuwa, mai neman su zai sayi wata cikakkiyar mota ya yanka ta don ya ciro abu biyu. Kuma samuwar kaya masu sauƙin kuɗi ita ta sa malamin makaranta ko ɗan fansho zai iya riƙe irin wannan mota, ba attajirai kaɗai ba.

Inda ƙarya ke farawa

Idan aka amince da duk wannan, sai a lura cewa abin da ake kwaikwaya hawa-hawa ne, kuma ba duk hawan ne hukuncinsu ɗaya ba.

Hawa na farko shi ne siffa: a auna tsohon ƙarfe, a buga sabo mai tsawonsa da kaurinsa da ramukansa. Wannan shi ne abin da Ford da Hotchkiss suka yi, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsa, matuƙar aikin ya yi kyau.

Hawa na biyu shi ne tambari: a buga F, ko sunan kamfanin da ya yi fitila ko kafireta a 1943, a kan abin da aka ƙera bana. Maƙerin zai ce ai wanda ya saya daga hannunsa ya sani, domin a kundin tallarsa ya rubuta cewa kwaikwayo ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, mai saye na farko ba a yaudare shi ba. Matsalar ita ce ƙarfe ya fi ciniki tsawon rai. Ledar da aka rubuta "kwaikwayo" a jikinta ana yar da ita ranar da aka ɗaura notin. Bayan shekara ashirin mai motar ya rasu, magada sun sayar wa dillali, dillali ya kai gwanjo, notin ya yi tsatsa daidai gwargwado, kuma babu abin da ya rage yana magana sai harafin da ke kansa. Harafin kuwa cewa yake yi Ford ne ya ƙera shi. Babu wanda ya furta ƙarya a cikin wannan jerin mutane, amma wanda ya saya a ƙarshe ya biya kuɗin abin da bai samu ba.

Hawa na uku shi ne shaidar motar kanta. A murfin ɗan akwatin da ke gaban fasinja akwai ƙananan allunan ƙarfe, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da lambar motar da ranar da aka miƙa ta ga gwamnati. A GPW, lambar da ke kan shasi da ta kan inji iri ɗaya ce tun daga masana'anta, don haka motar da lambobinta suka dace ta fi tsada ƙwarai. Ana sayar da sababbin alluna marasa rubutu, ana kuma samun masu buga lamba da irin haruffan wancan zamani. Mutumin da allonsa ya ruɓe, ya sake buga lambar da ke kan shasinsa, bai yi wa kowa ha'inci ba. Amma da wannan allo da wannan guduma ne ake mai da Hotchkiss ta 1960 ta zama Willys ta 1944, a cire lantarkin Faransa, a shafa fentin Amurka, farashi ya tashi. Da su ne kuma ake goge lambar wani inji a buga wadda ta dace da shasi.

Hawa na huɗu shi ne tsufar ƙarya: a jiƙa sabon ƙarfe a sinadari don ya yi tsatsa, a tsoma tamfol a ruwan shayi, a kankare fenti a wuraren da hannu zai taɓa. Wannan ba shi da wata manufa sai a sa ido ya ga shekarun da babu su. A kasuwarmu sunansa algus.

Akwai kuma wata yaudarar da ba ta taɓa aljihun kowa, amma tana taɓa tarihi. Da wuya a samu takardar da ke nuna rundunar da wata Jeep ta yi wa aiki, don haka mai mota ne ke zaɓar alamun da zai fenta a kan bamba. Da yawa suna zaɓar na sojojin laima na Amurka da suka sauka a Normandi, domin su fina-finai suka ɗaukaka. Alhali an aika wa Tarayyar Sobiyet Jeep kusan 50,000, wasu dubbai sun yi aiki a hamadar Arewacin Afirka da tsibiran Pasifik. A Bama, a ƙarshen 1943 zuwa farkon 1944, sojojin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka fito daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, sun sare daji da duwatsu da hannu suka fitar da hanyar Jeep mai tsawon kusan mil 75 zuwa kwarin Kaladan. Alamarsu baƙin gizo-gizo ce a kan launin rawaya. Mai yawo a tarukan tsofaffin motocin soja zai daɗe bai ga gizon nan a jikin mota ba. Idan kowa ya fenta labarin da ya fi farin jini, yaron da ya zo kallo zai tashi da zaton cewa a gaɓar teku ɗaya aka yi yaƙin duka.

Abin da masu adana tarihi suka tsayar

Wannan matsala ba ta motoci kaɗai ba ce, kuma wasu sun riga sun yi tunani a kanta. A 1964 masana gine-ginen tarihi suka amince da Yarjejeniyar Benis, wadda ta tsayar da ƙa'idoji biyu da suka shafi batunmu: gyara ya tsaya a inda zato ya fara, kuma duk abin da aka musanya ya dace da sauran ginin amma a iya bambance shi daga na asali, don kada gyaran ya zama shaidar zur.

A 1973 majalisar Amurka ta yi dokar kare masu tara kayan sha'awa, bayan jabun tsofaffin sulalla sun cika kasuwa. Dokar ba ta hana kwaikwayo ba. Ta ce duk sulen kwaikwayo sai an buga masa kalmar da ke nuna kwafi ne a jikinsa, ta yadda ba za ta goge ba, kayan yaƙin neman zaɓe na kwaikwayo kuma a buga musu shekarar da aka yi su. Dokar ba ta haɗa da kayan motoci ba, amma hikimarta a fili take: gargaɗin ya zauna a jikin abin, domin shi ne zai yi tafiya tare da shi daga hannu zuwa hannu.

Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin tsofaffin motoci na ƙasashe da dama, ta ɗauko wannan tunani a Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a Janairun 2013. Ta ba da shawarar a riƙa yi wa kayan da aka musanya alama ta dindindin: NB ga sabon abu da aka kwaikwaya daidai daga na asali, FR ga wanda aka ƙera bisa hasashe ba tare da samfuri ba, CS ga ƙarfen da aka ƙara don ƙarfafa tsoho. Shawara ce, ba doka ba, kuma ba kowane maƙeri ke bin ta ba.

Misalin da ya fi nuna cewa gaskiya ba ta rage daraja shi ne tankar yaƙin Jamus mai lamba 131, samfurin Tiger, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943. Tana gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, kuma ita kaɗai ce irinta da ke tafiya da ƙarfin injinta a duniya. Injin da ke cikinta ba nata ba ne. Da aka zo farfaɗo da ita, an saka mata injin Maybach na samfurin da ya biyo bayan nata, kuma gidan tarihin bai taɓa ɓoye haka ba. Dubban mutane suna zuwa kallonta duk ranar da aka tayar da ita, sanin musanyar bai hana ko ɗaya zuwa ba.

Kotu ma ta taɓa shiga irin wannan magana, ko da yake a kan motar tsere ce. A 1990 wata kotun Landan ta saurari ƙarar wata Bentley da ta ci tseren Le Mans a 1929 da 1930, wadda aka yi cinikinta fam miliyan 10, mai saye ya janye da hujjar cewa an sauya mata sassa da yawa har ta daina zama ita. Alƙali ya ba mai sayarwa gaskiya, domin tarihin motar bai yanke ba: ana iya bin sawun kowane sauyi tun daga farko. Darasin ga masu Jeep shi ne asali ba ya tsayawa ga yawan tsohon ƙarfe. Yana rataye ne a kan labarin da za a iya tabbatarwa, kuma allon shaida na jabu wannan labarin yake yankewa.

Motar da aka yanka da gangan

Akwai wani hali da ya fi waɗannan duka sarƙaƙiya. Magajiyar Jeep a sojan Amurka, M151, wadda Ford ya zana kuma ta yi aiki a yaƙin Biyetnam, tana da tsarin tayoyin baya da ke sa ta kifewa in an sha kwana da gudu. Saboda haka hukumomi suka yanke cewa ba ta dace da titin farar hula ba, suka sa a riƙa yanka bodinta gunduwa-gunduwa ko a murƙushe shi kafin a sayar a matsayin ƙarfe. Mutane suka riƙa sayen gunduwoyin suna haɗawa da walda, wasu suka nemi sabon bodi.

A nan maƙeri yana dawo da abin da aka lalata da niyyar kare rayuka. Mai tara motoci da ya san halin M151, yake tuƙa ta a hankali a filin baje koli, yana da hujjarsa. Amma wanda ya shafe sawun walda da fenti ya sayar ba tare da ya faɗa ba, ya ɓoye wa mai saye abu biyu: tarihin motar, da haɗarin da ke jiransa a kwana ta farko.

Nauyin yana kan wa?

Dillali yana iya yin ƙarya, mai mota yana iya mantawa, magada suna iya rashin sani. Mutum ɗaya ne a cikin jerin yake da tabbacin ranar da aka ƙera abin, kuma yake riƙe da guduma a lokacin da ƙarfen ke gabansa. Shi ya sa mafi girman nauyin yake kan maƙeri. Abin da ake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba: ƙaramar alama da shekarar ƙira a gefen da ba a gani sai an kwance, a bayan allon shaida, a cikin ƙarfen bodi, a ƙarƙashin kan noti. Mai kallo a Normandi ba zai ga bambanci ba, mai saye mai tocila zai gani. Maƙerin da ya ƙi yin wannan, ya kamata ya tambayi kansa wane ciniki ne alamar za ta ɓata masa, domin mai saye na gaskiya ba abin da za ta rage masa.

Sai kuma nauyin mai mota: ya ajiye hotuna da rasiɗai da jerin abin da ya sauya, su bi motar duk inda ta je, ya bar Hotchkiss ta amsa sunanta, domin ita ma ta yi wa sojan Faransa aiki a yaƙin Aljeriya, tana da nata tarihin da ba ya bukatar aro. Alƙalan gasa su ma suna da hannu, domin muddin ana ba da maki ga harafin F ba tare da tambayar wanda ya buga shi ba, kasuwar jabun harafi ba za ta mutu ba.

Mutanen da suka tuƙa waɗannan motoci a yaƙi sun kusa ƙarewa. Nan da 'yan shekaru babu wanda zai tsaya kusa da Jeep ya ce a'a, ba haka take ba a zamaninmu. Ƙarfen ne kaɗai zai rage yana ba da shaida, kuma masu bincike na gaba da shi za su auna abin da masana'antun 1943 suka iya da abin da ba su iya ba. Kowane noti mai tambarin aro da ya shiga cikin tarin yana rage amincin wannan shaida. Ford ya buga harafinsa ne don a san aikinsa ko bayan ya bar hannunsa. Maƙerin yau da ke son ya yi koyi da Ford da gaske, sai ya buga nasa.